Gidan kallo a cikin ɗakinki: yara su yi kallo ba tare da cin data ba

Sau nawa kika miƙa wa yaro waya don ya yi shiru ki ƙarasa girki, kina dawowa kika tarar data ta ƙare, kuma abin da yake kallo ba shi kika kunna masa ba? Ni abin ya fi damuna a makon da nake aikin dare a asibiti. Nakan bar wa yara tsohuwar wayata, wata safiya na duba abin da suka kalla a YouTube, gabana ya faɗi. Daga zanen yara suka fara, bidiyo yana jawo bidiyo, har suka kai inda ko ni ba zan so in kalla ba.

Ƙanena ne ya nuna mini mafita, ashe tana cikin falona. Rautar da ke ba mu Wi-Fi tana da ramin USB a bayanta. Idan kika soka filash a nan, duk wayar da ke kan Wi-Fi ɗin gidan za ta iya kallon abin da ke cikinsa. Bidiyon daga filash yake tasowa, ya bi ta rauta ya shiga waya, bai leƙa intanet ba. Ko babu data ko kaɗan, zai yi aiki.

Fara da duba bayan rautarki. Ba kowace ce ke da wannan rami ba, ƙananan MiFi galibi ba su da shi, wasu kuma ramin nasu ba na karanta filash ba ne. Idan taki tana yi, samo filash mai giga 32 ko 64, ki zuba abin da kika yarda da shi cikin folda daban-daban: karatun Alƙur'ani, zanen yara, darussan boko, bidiyon biki da na suna. Fim kuwa a saya ta halastacciyar hanya, masu shirya shi ma iyali suke ciyarwa.

Sai ki buɗe burauza a wayarki, ki rubuta adireshin da ke manne a ƙasan rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Shiga da kalmar sirri, nemi sashen USB, ki kunna abin da aka rubuta “Media Server” ko “DLNA”. Daga nan ki sauke manhajar VLC, kyauta ce, ki duba wurin da take nuna na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin gida. Sunan rautar zai fito, foldojinki na ciki. Talabijin masu Wi-Fi da yawa ma suna ganin su.

Abu biyu ne suka fi ba mutane wahala. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, don haka dogon bidiyon biki zai ƙi shiga sai an mai da filash ɗin NTFS, kuma yin hakan yana goge komai, sai ki kwashe kayanki tukuna. Na biyu, rauta ba ta da ƙarfin sauya bidiyo daga wani tsari zuwa wani, yadda kika zuba shi haka za ta miƙa. Bidiyon MP4 ne ya fi tafiya lafiya a kowace waya.

Idan rautarki ba ta yi, tsohuwar kwamfutar cinya za ta iya wannan aiki, ko Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman katin banki da aka fara fitarwa a Ingila a 2012, wadda ko wutar ƙwan fitila ba ta cika ci ba. A kansu ake saka manhajar Jellyfin, ita ma kyauta ce. Da ita kowane yaro zai samu nasa asusun, ki zaɓa masa foldar da zai gani da lokutan da zai iya shiga. Saka ta yana buƙatar wanda ya ɗan san kwamfuta, amma aikin yini ɗaya ne.

Ki lura, muddin rautar tana da data, yaro zai iya tsallakawa YouTube. Yawancin rautoci suna da wurin hana wata waya shiga intanet, ki saka wayar yara a ciki. Haka kuma kada bidiyon aurenki ya zauna a filash ɗaya tak, filash kan mutu ba sallama, musamman inda ake yawan ɗauke wuta. Ajiye wani kwafin a wani wuri.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ba zan rufe ba sai na tuna miki shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Kallo mai tsabta ma yana da iyaka. A gidana, da an kira magariba nake zare filash ɗin, in jefa shi cikin jakata in tafi aiki. Allah Ya shirya mana zuri'a.