Bindigar Toka da Matsayinta a Doka

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, tsohuwar bindigar da aka fi sani ita ce ta toka, wadda maƙeran gida ke ƙerawa, maharba kuma su gada daga iyaye. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna tsumma da sanda, a zuba harsashi, sai a harba sau ɗaya a sake ɗurawa. Ita ce ke tashi a hawan sallah.

Dokar Makamai ta 1959 ta sanya irin wannan bindiga ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar soja kuwa, ko tsohuwa ce, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Wanda ya gaji bindiga ya nemi izini kafin ya ajiye ta.