Sana'ar Marubuci: Rabi a Takarda, Rabi a Kan Hanya

Mutane da yawa suna ɗauka aikin marubuci yana ƙarewa ranar da ya kai ƙarshen labari ya ajiye biro. A ƙasar Hausa ranar ce ma ɗawainiya take somawa. Sai ya nemi mai buga masa rubutun a kwamfuta, ya bi shi layi-layi yana gyara, ya nemi mai zanen bango, ya yi cinikin takarda, ya yi ta zarya a maɗaba'a har a ɗinke littafi a yanke gefe a zuba a kwali. Daga nan kuma kwalin ba ya tafiya da kansa. Wanda ya rubuta shi ne zai ɗauka ya kai kasuwa, ya kai gidan rediyo, ya kai makaranta, ya kai garuruwan da bai taɓa kwana ba. Wannan ɓangare na sana'ar, wato tafiya da littafi da kuma mutanen da ake tafiyar da su, shi ne ba a cika magana a kansa ba, alhali a kansa ne marubuta da yawa suka tashi, wasu kuma a kansa suka karye.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubuci rubutu kawai ya sani. Hukuma ce take bugawa, ita take rabawa makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin hukumar NORLA, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, wanda ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta masu tabbacin kasuwa. Samari da 'yan matan da suka yi karatun boko, kawunansu cike da labarai, suka rasa mai buga musu. Sai suka shiga bugawa da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu kan sunan da ingancin littattafan, Farfesa Abdalla Uba Adamu yana cikin masu kare su. Duk ɓangaren da mutum ya tsaya a wannan muhawara, abu guda ya tabbata: daga lokacin marubuci ya zama shi ne kamfanin kansa, shi ne ɗan tallan kansa, shi ne mai bin bashin kansa.

Mutum ɗaya ba ya iya wannan duka, shi ya sa ƙungiyoyi suka taso. Raina Kama ta Kano ita ta fi suna, akwai kuma irin su Kukan Kurciya. Dabarar Raina Kama tana burge ni har yau. Idan ka buɗe littafin ɗaya daga cikinsu za ka tarar da jerin sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiyar, waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe. Kowane littafi yana yi wa 'yan'uwansa talla. Mai karatu a Gusau ko Azare ya sayi ɗaya, ya riga ya san guda goma da zai nema. Wannan tunanin ne ya fita daga takarda ya hau mota: maimakon kowa ya ɗauki kwalinsa ya tafi tasha shi kaɗai, mutum uku ko huɗu su yi karo-karo su ɗauki shatar mota, a cika bayanta da littattafai, a bi gari-gari.

Hanyoyin sanannu ne. Daga Kano a bi ta Zariya da Funtuwa a shiga Gusau a ƙare a Sakkwato. Ko a nufi Katsina a fita ta Jibiya a sauka Maraɗi. Ko a bi ta Daura a ƙetare zuwa Damagaram, inda masu karatun Hausa suke da ƙishin littafi ƙwarai. A kowane gari akwai mai shagon littattafai da za a sauke wa kaya, galibi bashi, sai an sayar a biya. Akwai masu ba da hayar littafi, waɗanda a wurinsu kwafi ɗaya yake zaga gidaje da dama har bangonsa ya yage. Akwai gidan rediyon jiha da za a shiga a yi hira. Akwai sashen Hausa na jami'a ko kwalejin ilimi, inda ɗalibai za su tsare marubuci da tambayoyi kan jigo da salo da warwarar jigo, tambayoyin da wani lokaci bai taɓa yi wa kansa ba.

To, a nan ne maganar sanin juna take shigowa, kuma ita ce nake so in daɗe a kanta. Mutanen da za su kwana huɗu ko biyar a mota ɗaya, su ci a kwano ɗaya, su tsaya a gaban taro ɗaya, ba su da zaɓi sai su san juna kafin a tayar da mota. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma saɓanin da aka yi a tsakiyar hanyar Talatar Mafara ya fi wanda aka yi a zaure wuyar gyarawa. Marubutan da suka daɗe a harkar ba sa wasa da wannan. Kafin tafiya sukan zauna, ko a shagon wani, ko a gidan babba a cikinsu, a sha shayi a yi magana a fili.

Abu na farko shi ne kowa ya karanta littafin ɗan'uwansa. Wannan ba ladabi ne kawai ba, aiki ne. A gidan rediyo mai gabatarwa yakan juyo ya ce, "Malam, me za ka ce game da littafin Hajiya?" Wanda bai karanta ba sai ya shiga kame-kame yana yabon da bai taɓa komai ba, masu sauraro kuwa suna ganewa. Wanda ya karanta zai ambaci tauraruwar labarin da sunanta, ya faɗi inda labarin ya kama shi, har ya faɗi inda yake ganin an yi sauri. Irin wannan maganar tana sayar da littafi fiye da duk abin da mai littafin zai faɗa da bakinsa. Haka kuma karatun yana nuna maka wane ne abokin tafiyarka. Mai rubuta labaran yaƙi da aljanu da mai rubuta rikicin kishiyoyi ba masu karatu ɗaya suke da su ba, kuma in an san haka tun farko sai a tsara wa zai fara magana a makarantar 'yan mata, wa zai fara a majalisar samari.

Na biyu kuɗi. Nan ne zumunci ya fi lalacewa, domin kunya tana hana a yi maganarsa da wuri. Wa zai riƙe jakar tafiya? Kuɗin mai da na masauki daidai za a raba, ko gwargwadon yawan kwalin da kowa ya ɗora? Idan mai shago a Sakkwato ya karɓi littattafan mutum uku ya ba da rabin kuɗi, yaya za a kasa? Idan an yi ƙaddamarwa a wani gari, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai tsoka, na mai littafin ne shi kaɗai ko akwai rabon waɗanda suka cika masa zaure? Ba wata amsa guda da ta dace da kowace tafiya. Abin da ya dace shi ne a yanke kafin a tashi, a rubuta a takarda, kowa ya gani. Ni a ganina marubucin da ya ce a rubuta ba rashin yarda ya nuna ba, tsare mutuncin tafiyar ya yi.

Sai maganar mata, wadda ba ƙarama ba ce, tunda mata ne suka fi yawa a cikin masu rubuta waɗannan littattafai da masu karanta su. Matar aure ba za ta shiga mota zuwa Maraɗi da mutanen da maigidanta bai sani ba, budurwa ma iyayenta sai sun san da wa za ta tafi. Don haka sanin juna a nan yana haɗawa da zuwa gida a gaisa, a gabatar da kai, a faɗi inda za a sauka da ranar dawowa. Sau da yawa wata babba a cikin marubuta mata, wadda kowa ke kira Anti ko Hajiya, ita take zama uwar tafiya, ƙanana su zauna a gefenta, masaukinsu daban. Ƙungiyoyin mata irin su Kallabi da Mace Mutum sun sauƙaƙa wannan, domin sun ba marubuciya 'yan'uwan da gidansu zai amince da su. Marubuciya nawa ce littafinta ya tsaya a unguwarsu don kawai ba ta sami irin wannan rakiya ba?

Ragowar abubuwan ƙanana ne, amma su ne suke cika kwana. Wani yana son a kama hanya da asuba, wani sai ya karya. Wani ba ya jure kiɗa a mota. Wani yana da ciwon suga, dole a tsaya ya ci abinci a kan lokaci. A ina za a tsaya salla, za a yi ƙasaru a haɗa ko za a tsaya kowane lokaci? Yanzu kuma an ƙara da tambayar da ta fi duka nauyi, wato wace hanya ce za a iya bi, kuma ƙarfe nawa dole a kasance an shiga gari. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ake bi da daddare a da, yau ba mai hankalin da zai yi gangancin haka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma kuɗin shata ya ninka, wanda hakan ya sa tafiyar haɗin gwiwa ta zama dole fiye da da.

Amfanin wannan sanayya ya wuce ciniki. A 2007, lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a Kano, da kuma shekarar da ta biyo baya da Hukumar Tace Fina-finai ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita, waɗanda suka iya tsayawa suka yi magana da murya ɗaya su ne waɗanda suka riga suka san juna, suka ci abinci tare, suka san gidajen juna. Ba a ranar tashin hankali ake fara neman lambar wayar abokin sana'a ba.

Yau sana'ar ta sake fuska. Kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai, matasa suna rubutu a waya, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya tura kuɗi a saka shi a zauren da ake sakin ci gaba, wasu kuma a karanta labaransu a YouTube. Marubuciya tana iya tara dubban masu karatu ba ta taɓa taka maɗaba'a ba. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Amma ya haifar da marubutan da suka yi shekaru suna gaisawa kullum da sunan alƙalami ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, da bikin littattafan Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021, suna cikin wuraren da irin waɗannan suke fara haɗuwa ido da ido, kuma daga nan ne ake ƙulla shawarar a je gari kaza tare. Sanin da aka yi a waya sani ne na rubutu, bai gaya maka yadda mutum yake idan mota ta lalace a daji ko idan aka zo rabon kuɗi ba.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙungiyoyin marubuta, tun daga rassan ANA na jihohi har zuwa ƙananan zaurukan waya, shi ne su mayar da zaman sanin juna wani sashe na shirin kowace tafiya. A ba sababbin marubuta littattafan abokan tafiyarsu tun da sauran mako biyu, a haɗa su da manya waɗanda suka san hanya da masu shaguna, a je a gaida iyaye da mazajen marubuta mata, a rubuta maganar kuɗi kafin a ɗora kwali ko ɗaya a mota.