Takunkumin Bakin Bindiga: Shin Yana Hana Ta Ɗaga Kai?

Duk wanda ya taɓa ɗana kunamar bindiga, ko maharbi ne ko maigadi, ya san tana da shuri. In doguwa ce sai ta tokari kafaɗa. In kuwa ƙarama ce ta hannu, irin wadda mutanen da ke kira libarba, sai ta zabura ta ɗaga kai sama. A ƙasashen da a ke gasar harbi da ƙananan bindigogi, maƙera sun fito da wani ƙarfe da a ke ɗaurawa a bakin bindiga don ya danne ta. Turawa na kiransa kwamfenseta, mu kuwa bari mu ce masa takunkumi. Masu kallon irin wannan gasa a talabijin da waya, daga Karmo ta Abuja har Agege ta Ikko da Sabo ta Badun, su kan yi gardama a kansa: wasu su ce ado ne kurum, wasu su ce shi ne sirrin gwanaye. To, ina gaskiyar ta ke?

Da farko sai mu san abin da ke sa bindiga ɗaga kai. Sa'ad da albarushi ya kama, iska mai zafi ta kan tunkuɗa harsashi gaba, ta kuma tunkuɗa bindigar baya da ƙarfi daidai wa daida. Bututun ƙaramar bindiga kuwa a sama da hannu ya ke, mariƙin yana ƙasa. Saboda haka shurin ba ya bin tsakiyar hannu, ta sama ya ke wucewa, sai wuyan hannu ya lanƙwashe, baki ya tashi. Kafin maharbi ya sake harbi dole ya jira bakin ya sauko, ya sake saiti. A gasar da a ke ƙidaya daƙiƙa, wannan ɗan jiran shi ke raba na ɗaya da na goma.

Shi takunkumi wani ɗan kurtu ne na ƙarfe mai tagogi ta sama. Da harsashi ya fita, iskar da ke biye da shi sai ta bugi bangon kurtun ta ja bindigar gaba kaɗan, sa'an nan ta tsere ta tagogin nan ta yi sama. Tashin da ta yi sama shi ke danna baki ƙasa. Har wa yau nauyin ƙarfen kansa yana taimakawa. Abin lura a nan shi ne, takunkumi ba ya gyara harbin farko, domin kafin ya fara aiki harsashi ya riga ya wuce. Amfaninsa duka a harbi na biyu ne da na uku.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1920 wani hafsan sojan Amurka, Richard Cutts, ya ƙera irinsa, aka riƙa sa shi a bindigar Thompson. Amma a fagen wasa ya yi suna. A 1976 aka kafa ƙungiyar duniya ta gasar harbi da sauri, watau IPSC, a garin Columbia na Jihar Missouri, Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko. A shekarun 1980 gwanayen wannan gasa suka rungumi takunkumi, cikinsu har da Rob Leatham, wanda ya ci gasar duniya a 1983 da 1986 da 1988.

A wannan zamani ne kuma aka gane cewa takunkumi da iska ya ke aiki, in babu isasshiyar iska ba ya taɓuka abin kirki. Da can harsashin .45 a ke yayi, mai nauyin wajen giram 15, ga shi ba ya gudu sosai, iskar da ke bayansa kuma ba ta da matsi mai yawa. Sai gwanaye suka koma wa .38 Super, wanda nauyinsa wajen giram 8 ne, amma albarushinsa ya fi yawa, gudunsa ya fi. Nan fa takunkumi ya sami abin da zai ci, bindigogi suka riƙa kwanciya a hannu. Rinjayen ya yi yawa har a farkon shekarun 1990 aka raba gasar aji aji: akwai ajin da aka yarda a sa takunkumi, akwai waɗanda aka hana. Ai da ado ne kurum, da ba a kafa masa doka ba.

Wata shaidar kuma daga wasannin Olamfik ta fito. Akwai gasar da a ke jera abin bara guda 5 a nisan mita 25, maharbi ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙa 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4. Shekara da shekaru a na yin ta da ɗan ƙaramin harsashi da bindigogi masu tagogin fitar da iska a bututu, har ta kai bakin kusan ba ya motsi. Da irin wannan bindiga Ralf Schumann na Jamus ya ci zinariya a 1992 da 1996 da 2004, ya kuma taɓa samun maki 597 cikin 600. A 2005 hukumar wasan ta hana tagogin, sakamako ya sauko, har 593 da Christian Reitz ya samu a 2013 ta zama bajintar duniya. Amma a yi adalci: dokar 2005 ta sauya harsashi da mariƙi da taurin kunama a lokaci guda, don haka ba tagogi kaɗai za a ɗora wa raguwar ba.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Iskar da aka karkatar sama tana ƙara ƙarar da ke isa kunnen maharbi da na kusa da shi, alhali ko ba takunkumi ƙarar bindiga ta kan haura ma'aunin desibel 140, wanda ya isa ya lahanta kunne. Cikin duhu walƙiyar ta kan tashi daidai gaban ido. Toka ta kan taru a kurtun sai an riƙa kankarewa. Bugu da ƙari, bindiga mai ɗura kanta da shurin nan ta ke aiki, in aka rage shi ba a daidaita sifirin ba, sai ta riƙa cijewa. Kuma duk kyawun takunkumi, wanda riƙonsa ya yi sako-sako ba zai ga amfaninsa sosai ba.

Mu dawo gida. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna bindigogi sun shigo daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Har yanzu a kan ji rugugin 'yan bindigar Sarki a Hawan Salla. Bindigar toka irin tasu da ta maharbanmu ba ta da bukatar takunkumi. Doguwa ce, tana da nauyi, kuma ta baki a ke ɗura ta: in an harba sau ɗaya sai an tsaya an sake zuba albarushi an daddanna. Tun da babu harbi na biyu cikin gaggawa, babu abin da takunkumi zai ceto.

Saboda haka muna jan kunnen 'yan'uwanmu masu gadi da farauta a nan Kurmi. Kada kallon gasar Turawa ya sa wani ya kai bindigarsa a huda mata baki. Bututun ƙirar maƙera ba a gwada ƙarfinsa a masana'anta ba, huda shi na iya sa ya fashe a hannu. Kuma a tuna da Dokar Makamai ta 1959: bindigar toka sai da lasin daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta harbin tsuntsaye sai da na Sufeto Janar, ƙaramar bindigar hannu kuwa tana cikin haramtattu, sai da iznin Shugaban Ƙasa. Baƙo a garin mutane shi ya fi kowa bukatar takardunsa su cika.

Amsar gardamar dai ita ce: takunkumi yana aiki, amma a ƙaramar bindigar gasa mai harsashi mai yawan iska, a hannun wanda ya iya riƙo, kuma ya toshe kunnuwansa. Allah ya tsare mu da tsautsayi, amin.