Makarantar Da 'Yar Mai Kuɗi Ba Ta Shiga

'Yar uwa, da za a ce miki akwai makarantar gaba da sakandare wadda in mahaifinki attajiri ne ba za a ɗauke ki ba, komai ƙoƙarinki, ai sai ki ce tatsuniya ce. To akwai ta. Sunanta Kwalejin Berea, tana wani ɗan ƙaramin gari mai wannan suna a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka. Ɗalibanta duka-duka ba su kai 2,000 ba, kuma tun shekarar 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu. 'Ya'yan marasa ƙarfi masu hazaƙa take nema. Dukiyar da masu alheri suka tara mata, wadda ta haura dala biliyan 1, ita ake juyawa ana ɗaukar nauyinsu. Na ɗaki da abinci ne kawai kowa ke bayarwa daidai ƙarfinsa.

Irin ƙananan kwalejojin nan ce da ba a ɗaure ɗaliba da fanni ɗaya tun ranar farko. A shekara 4 ɗin za ki taɓa tarihi, ki taɓa lissafi, kimiyya da adabi, kafin ki tsaya a kan wanda ranki ya kwanta da shi. Aji kuwa 'yan kaɗan ne, malami ya san sunan kowa. Mai laɓewa a bayan aji don ba ta yi karatu ba, a nan dai asirinta a tone yake.

Amma fa ba a kwance ake cin wannan gata ba. Kowane ɗalibi, mace da namiji, dole ya yi wa makaranta aiki na aƙalla awa 10 a mako. 'Yar shekarar farko ba ta da zaɓi, inda aka tura ta nan za ta. Wata ta samu kanta a kicin tana wanke-wanke, wata a gona wajen shanu, wata a laburare, wata tana kai wa baƙi abinci a Boone Tavern, otal ɗin makarantar da aka buɗe a 1909. Akwai masu saƙa, akwai kafintoci, har da masu ɗaura tsintsiya ana sayarwa. Ana biyansu ɗan abin sabulu, kuma ana rubuta yadda kowa ya riƙe aikinsa kamar yadda ake rubuta sakamakon jarrabawa. Mai wasa da aiki za a ja mata kunne, in ta ƙi ji tana iya rasa gurbinta.

Abin da ya fi burge ni, babu mai ɗaga wa wata hanci. Wadda ta share miki baranda da safe ita ce za ta kayar da ke a muhawara da rana. To wa za ki yi wa yanga?

Wani malamin coci, John G. Fee, shi ya kafa ta a 1855. Mahaifinsa mai bayi ne, shi kuwa ya tsani bauta, har aka kore su daga garin a 1859. Bayan yaƙin basasa suka dawo, baƙi da farare, maza da mata, suna aji ɗaya, abin da ba a saba gani ba a kudancin Amurka. A 1904 jihar ta yi dokar raba su, sai a 1950 ɗalibai baƙar fata suka samu dawowa.

Wahala kam akwai ta. Ki tashi cikin sanyin hunturu ki tafi aiki, ki shiga aji, dare ya yi ga littafi na jiran ki, ga kewar gida. Sannan garin ƙarami ne, yawancin ɗalibai a cikin makaranta suke kwana, wuri ɗaya suke cin abinci. In saurayi ya raka ki laburare sau biyu, kafin ki koma ɗaki ƙawayenki sun fara yi miki kallon amarya.