Kwatancen da Ba Ya Ɓatar da Fayil

'Yan'uwa ɗalibai, lokacin da nake haɗa shafin intanet na taskace karin magana don aikina na kammala karatu, da harshen PHP na yi aiki. Kan shafi da gindinsa iri ɗaya ne a ko'ina, don haka na ajiye su a fayiloli dabam ina kiransu da umarnin include. Saura kwana biyu in nuna wa malamina, sai na kwashe wasu shafuka zuwa sabuwar folda. Ina buɗewa suka fito ba kai ba gindi, sai gargaɗin cewa ba a ga fayil ba.

Laifin na kwatancena ne. Na riƙa rubuta hanya kamar ../sassa/kai.php, wato a koma baya folda ɗaya sannan a shiga sassa. Ashe PHP yana fara lissafin irin wannan hanya daga foldar shafin da mai ziyara ya buɗe, ko da umarnin yana cikin wani fayil can dabam. Kamar ka ce wa baƙo ya bi hagu ne alhali ba ka san inda yake tsaye ba. Da ka ce ya fara daga ƙofar babban masallaci, ai duk inda ya fito zai iso.

Maganin shi ne tsayayyen suna, wanda in an ba shi ƙima ba ta sake canzawa, kuma ana ganinsa a kowane sashe na shirin. Na buɗe fayil mai suna saiti.php a babbar folda, na rubuta:

define('TUSHE', __DIR__);

Wannan __DIR__ cikakken adireshin foldar da fayil ɗin yake ciki ne. Ya shigo da PHP 5.3 a shekarar 2009, kafin nan dirname(__FILE__) ake rubutawa. Daga nan kowane kira ya koma haka:

require TUSHE . '/sassa/kai.php';

Na zaɓi require saboda yana tsayar da aiki in fayil ya ɓata, shi kuwa include gargaɗi kawai yake yi ya wuce.

Sai dai a kula, dole kowane shafi ya fara ɗauko saiti.php, in ba haka ba bai san TUSHE ba. Shi ma wannan kiran na farko a gina shi a kan __DIR__. Da na ɗora aikin a uwar garke, ko harafi ɗaya ban gyara ba. Allah ya ba mu sa'a.