Yadda Ake Zaɓen Robar Famfon Tuƙa-Tuƙa

A ƙauyuka da yawa akwai famfon tuƙa-tuƙa da ya daina aiki. Mata da yara sun koma ɗebo ruwan kududdufi, ciwon gudawa kuma ya dawo. Sau da yawa ba wani babban abu ne ya lalace ba. 'Yar roba ce kawai ta cinye a can ƙasa.

Yadda famfo yake aiki

A ƙarshen bututun da ke cikin rijiya akwai silinda. A cikinta akwai roba iri biyu. Ta farko tana jikin abin da ke hawa da sauka idan ana buga famfo. Ita ke ɗago ruwa. Ta biyu tana bawul ɗin gindi. Ita ke tare ruwa kada ya koma cikin rijiya.

Yadda ake gane wadda ta lalace

Gwaji na farko: a buga famfo har ruwa ya zo, sannan a bar shi minti 30. A sake bugawa ana ƙirgawa. Idan an wuce bugu 5 ruwa bai fito ba, ruwa na zurarewa. Galibi bawul ɗin gindi ne. Amma bututun da ya huje ma yakan jawo haka, don haka a duba shi.

Gwaji na biyu: a yi cikakken bugu 40 cikin minti ɗaya, a tara ruwan a bokiti mai lita 20. Idan bai kai rabin bokiti ba, kuma hannun famfo ya yi sakwaf, robar da ke ɗago ruwa ce ta cinye.

A san irin famfon

Ba kowace roba ce ke shiga kowane famfo ba. India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970, yana da sarƙa a cikin kansa. Faɗin silindarsa milimita 63 da rabi ne. Kafin a kai ga robarsa sai an ciro bututu duka, don haka aikin makaniki ne. Afridev kuwa, wanda aka inganta a Malawi da Kenya a shekarun 1980, ba shi da sarƙa. Faɗin silindarsa milimita 50 ne. Ana iya zaro robarsa ba tare da an taɓa bututu ba. Mutanen gari da aka horar za su iya wannan aiki.

Idan za a je saye

1. A tafi da tsohuwar robar. A ɗora ta kusa da sabuwa, a ga faɗi da siffa sun zo ɗaya.
2. A gaya wa mai shago sunan famfon.
3. A lanƙwasa sabuwar robar da hannu. Idan ta nuna tsaga ko ta yi tauri, ta daɗe a ajiye ko rana ta buge ta. Kada a saya.
4. Kada a yanka robar taya a saka. Ba ta tare ruwa sosai, kuma ba ta daɗewa. Araha ba ta ado.
5. A sayi robobin duka, a canza su lokaci ɗaya, don kada a sake buɗe famfo bayan wata guda.

Lokacin sakawa

A wanke hannu da sabulu. Kada a ajiye rodi a kan ƙasa, domin datti zai bi shi cikin ruwan sha. Bakin robar da ke ɗago ruwa ya dubi sama. Kada a shafa mata baƙin mai ko giris.

Yana da kyau kwamitin ruwa na gari ya riƙa tara kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu, ya ajiye robobi a inuwa, ya canza su sau ɗaya a shekara tun ba su lalace ba. Idan gyara ya gagara, a sanar da sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko hukumar RUWASSA ta jiha. Rigakafi ya fi magani.