Tsarabar ƴan jirgin ruwa: aikin matan Barbados da aka daɗe ana yaba wa wasu

A gidajen tarihin New Bedford da Nantucket, a jahar Massachusetts ta Amurka, ana ajiye da wasu ƙananan akwatunan katako masu kusurwa takwas, masu murfin gilashi. A ƙarƙashin gilashin an jera ɗaruruwan ƙumba da katantanwar teku, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, an fitar da siffar zuciya, ko fure, ko anka ta jirgi. Galibi biyu ake haɗawa, suna buɗewa suna rufewa kamar littafi. Turawa na kiransu kyautar masoya ta ƴan jirgin ruwa, kuma a yau masu tara kayan tarihi na biyan dubban dalar Amurka kan wadda ta tsufa ba ta lalace ba.

Labarin da ya daɗe yana bin akwatunan mai daɗin ji ne. Wai ma'aikacin jirgi ne, cikin kewar matarsa ko budurwarsa, yake tsintar ƙumba a duk gaɓar da suka yada zango, ya zauna da dare yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya har jirgi ya iso gida. Ba abin mamaki ba ne da aka yarda. A ƙarni na 19 jiragen farautar kifin wel, wanda ake kunna fitila da mansa, kan yi shekara uku ko huɗu ba su dawo ba, kuma an san ma'aikatansu da sassaƙa zane a kan haƙori da ƙashin kifin. Ga kuma kalaman da ake rubutawa da ƙananan ƙumba a tsakiyar akwatin, masu ma'anar "kada ki manta da ni", ko "na dawo gida".

Sai dai akwatunan da kansu sun ƙaryata labarin. A shekarar 1961 wata mai bincike, Judith Coolidge Hughes, ta wallafa maƙala a wata mujallar kayan tarihi ta Amurka, inda ta nuna cewa asalinsu tsibirin Barbados ne da ke yankin Karibiyan. Hujjojin a fili suke. Mutumin da ya zaga duniya ya kamata a ga ƙumbar tekuna daban-daban a aikinsa, amma ire-iren da ake gani kusan iri ɗaya ne a kowane akwati, kuma na ruwayen Karibiyan ne. Zanen ma yana maimaita kansa, alamar hannun da ya saba. Masu gyaran tsofaffin akwatunan sun tarar da guntayen jaridar Barbados a bayan wani. Wasu kuwa ba su ɓoye komai ba, don an rubuta a jikinsu cewa kyauta ce daga Barbados. Kuma duk wanda ya yi tunanin yadda jirgin iska ke tangal-tangal a kan igiyar ruwa, zai gane wuyar ware ƙumba ƙanana launi-launi, a shimfiɗa auduga, a raba gurabe da kwali, a liƙa kowace a muhallinta.

Me ya sa Barbados? Shi ne tsibirin da ya fi kowane matsawa gabas a Karibiyan, kuma tashar Bridgetown, babban birninsa, zango ce ta jiragen Ingila da Amurka masu ɗaukar sukari da masu neman guzuri. Ga da yawansu, nan ce dama ta ƙarshe ta sayen tsaraba kafin a nufi gida. Shagon da ya fi suna a wannan kasuwa shi ne na wasu ƴan'uwa biyu, B.H. Belgrave da George Belgrave, a titin McGregor. Tsakanin wajen 1830 zuwa 1890 ne cinikin ya yi tashe.

Sunan masu shago ya tsira, na masu aikin bai tsira ba. Masana sun fi karkata ga cewa matan tsibirin ne ke tsinto ƙumbar, su wanke, su ware, su jera. Mafi yawan mutanen Barbados zuriyar ƴan Afirka ne da aka kwasa aka kai gonakin rake. Birtaniya ta soke bauta a yankunan da take mulki a 1834, amma sai 1838 aka saki bayin gaba ɗaya, kuma gonaki sun ci gaba da zama a hannun tsofaffin iyayengiji, ladan ƙwadago kuwa bai taka kara ya karya ba. A irin wannan hali, sana'ar hannu da ake sayar wa baƙi hanyar cin abinci ce. Ba a sa hannu a kan akwatunan ba, shi ya sa ya zo da sauƙi a ce wanda ya miƙa kyautar shi ne ya yi ta.

Wannan bai rage wa ma'aikacin jirgin komai ba. Wanda ya cire kuɗi daga ɗan abin da ya samu bayan shekaru a teku, ya sayi abu mai gilashi, ya lallaɓa shi har gida bai fashe ba, ya yi abin da ake yi wa wanda ake so. Wadda aka tauye ita ce macen da ta duƙa a kan akwatin kwana da kwanaki.

Cinikin ya dusashe a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kananzir ya kashe kasuwar man wel, jiragen tururi kuma suka canza hanyoyin tafiya. Daga baya sana'ar ta farfaɗo, amma a Amurka. A tsibirin Sanibel na jahar Florida ana baje kolin ƙumba kowace shekara, kuma masu yin sabbin akwatunan na shiga gasa da su, kowa da sunansa a kan aikinsa.